Turmina ya ɓalle: in cire, in sake ciko, ko in yarda da gyaran da ake ƙerawa a waje?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shagona yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, shekaruna 41. Akwai turmina na ƙasa, gefen dama, da aka taɓa cike mini da cikon ƙarfe shekaru da dama da suka wuce. Sati uku ke nan ina cin kilishi sai na ji ƙas, gefe guda na haƙorin ya ɓalle. Tun daga nan abinci ke maƙalewa tsakaninsa da na kusa da shi, in na sha ruwan sanyi ya soke ni kamar allura, amma nan da nan ya lafa. Ba ya hana ni barci. Likitan haƙori ya ɗauki hoto, ya ce jijiyar na da rai amma ruɓa ta shiga ƙarƙashin tsohon cikon. Ya ce zai iya sake cikewa nan take da farin ciko, sai dai shi ya fi son a yi wani abu wai shi onle na kompozit, a auna haƙorin, a ƙera a waje, in dawo a manna. Kuɗinsa ya fi na ciko sosai, ga zuwa biyu. Yayana ya ce in cire in huta, abokan fada kuma sun ce dabarar cin kuɗi ce. Ina da iyali, ba na son zubar da kuɗi a banza, kuma ba na son rasa haƙorin. Ba zan ɓoye muku ba, ni mai shan shayi ne, daga safe har dare buta na kan wuta. Me zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa albarka a sana'a.

Kada ka cire haƙorin nan. Shawarar da likitanka ya ba ka ita ce ta dace da turmin da ya rasa gefe guda alhali jijiyarsa na da rai, kuma ba ta yi mana kama da neman kuɗi ba. Sai dai onle ba a kowane baki yake zama ba, kuma akwai abin da ya kamata ka tabbatar kafin ka biya ko dala. Za mu zo kansa.

Maganar yayanka tukuna, don ita ce ta fi saurin shiga zuciyar mai jin ciwo. Cirewa minti kaɗan ce, giɓin da ta bari kuwa yana nan. Idan turmin farko ne, wanda ke fitowa tun yaro na da shekara 6, to shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tauna. In ya tafi, na bayansa yakan kwanto cikin giɓin a hankali, na sama yakan zazzago tunda babu mai tare shi, ƙashin muƙamuƙi a wurin ya riƙa janyewa. Abinci ya sami sababbin maɓoya, kai kuma ka koma tauna a gefe guda. Cike giɓin daga baya, ko da gada, wato haƙorin roƙo da ake kafawa a kan maƙwabtan giɓin, ko da dashen haƙori a cikin ƙashi, ya fi onle tsada nesa ba kusa ba. Ana cire turmi ne idan tsaga ta gangara cikin saiwa, ko ruɓa ta cinye shi har ƙasa da bakin ƙashi, ko yana girgiɗi sosai saboda ciwon dasashi. Ba ka ambaci ko ɗaya ba.

Alamun da ka faɗa ma suna da daɗin ji. Zafin sanyi da ke zuwa ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan, ba ya tashinka da dare, alama ce ta jijiyar da ta fusata amma za ta huce in an share ruɓar an rufe ta da kyau. Da zafin yana daɗewa fiye da rabin minti bayan ka haɗiye ruwan, ko yana tasowa haka kawai kana zaune, ko shayi mai zafi ne ke tayar da shi, da sai mu ce jijiyar ta wuce gyara, sai an cire ta an wanke saiwa an cike kafin a yi zancen rufi. Hoto kaɗai ba ya nuna ran jijiya. Gwajin sanyi da ƙwanƙwasa haƙori ne ke nunawa, ka tabbata an yi maka su.

Me ya sa ya ɓalle? Turmi na da tuddai 4 ko 5 a samansa, da gaɓa biyu, ta gaba da ta baya, masu ɗaure tuddan wuri guda kamar yadda kalmasa ke riƙe bakin riga. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 1989 a kan ƙananan turame da aka cire, ramin da aka haƙa a tsakiyar sama kawai ya rage ƙarfin haƙori da kashi 20 cikin 100, amma ramin da ya ratsa daga gaba zuwa baya ya ci gaɓoɓin biyu ya rage shi da kashi 63. Cikon ƙarfe kuma, wanda ake kira amalgam, haɗin zaiba da azurfa da kuza da tagulla, ba ya mannewa da haƙori, zama kawai yake yi a cikin ramin. Kowace tauna tana ɗan buɗa bangon da ke kewaye da shi, shekara da shekaru, ga ruɓa tana cin gindin bangon ta ƙasa. Kilishi ƙarasawa kawai ya yi.

Farin cikon da aka ce za a iya yi maka nan take shi ne kompozit: ƙaro na roba mai danƙo da aka cuɗa da garin gilas mai laushin gaske. Yana zuwa da taushi kamar ƙullu, likita ya dasa shi a rami, ya haska masa fitila mai shuɗin haske ya daskare. A wajen daskarewar nan yake tsukewa, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na girmansa. Kai tela ne, ka san yadin da ke shiga in ya sha ruwa. In ka yanka ka ɗinka ba ka jiƙa shi ba, wankin farko zai ja ɗinkin, kafaɗa ta tattare, bakin hannu ya ɗage. Haka kompozit ke yi a babban rami. Yana manne da bango ta ko'ina yana tsukewa, sai ko dai ya ja siririn bangon ciki, ko ya saki gefe ya bar ƴar kafar da ido ba ya gani amma ƙwayoyin cuta na shiga. Shi ya sa ake zuba shi kaɗan-kaɗan, kauri bai wuce milimita 2 ba, ana haska kowane zubi daƙiƙa 20 zuwa 40. A ƙaramin rami wannan ya wadatar. Amma ramin da ya ci rabin haƙori, tudu guda ya tafi, gefen da ke jingine da maƙwabci babu, gina wannan duka a can ƙuryar baki, ga miyau ga harshe ga kumatu, aiki ne mai wuya ko ga gwani. Inda aka fi kasawa shi ne mahaɗar haƙori da maƙwabcinsa. In ba ta matse daidai ba, zaren nama zai ci gaba da cusuwa, dasashi ya kumbura, ruɓa ta dawo ta nan.

Onle shi ne yadin da aka jiƙa ya gama shigarsa kafin a sa masa almakashi. Kompozit ɗin ne dai, amma a kan kwafin haƙorinka ake gina shi, a bisa tebur, inda mai aikin ke ganin kowane gefe. Bayan haske ana gasa shi da zafin da ya kai digiri 100 ko fiye, wasu na'urorin har da matsin iska. Tsukewar da zai yi a can yake gama ta. Abin da ya rage ya tsuke a bakinka shi ne siririn simintin da za a manna shi da shi, wanda kaurinsa kamar na takardar littafi ne. Gashin yana ƙara masa tauri: a kompozit ɗin da haske kaɗai ya daskarar, wajen kashi 55 zuwa 75 cikin 100 na mahaɗan ƙaron ne ke ƙulluwa, zafi yana ɗaga wannan adadi. Tun farkon shekarun 1980 aka fara wannan aiki a Faransa da Suwizalan. Kayan farko suna saurin cinyewa da karyewa, na yanzu sun fi su garin gilas da ƙarko, akwai ma wanda na'ura mai kwamfuta ke sassaƙawa daga dunƙulen da kamfani ya riga ya gasa. In gyaran ya tsaya a kwarin da ke tsakanin tuddai sunansa inle, in ya hau ya rufe tudu ɗaya ko fiye shi ne onle. Hular haƙori, da ake ce wa kuron, ita ke rufe haƙori duka, kuma sai an fere shi ta kowane gefe kafin ta zauna, har da lafiyayyen ɓawon da bai yi laifin komai ba. Ga turmin da ya rage da bango biyu ko uku masu ƙarfi, hula ɓarna ce.

Abokan fadarka ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma ya kamata ka san inda suka yi gaskiya. A Danmark an bi wasu marasa lafiya tsawon shekara 11, aka kwatanta kompozit da aka cika kai tsaye da inle na kompozit, sakamakon da aka fitar a 2003 bai nuna wani bambancin kirki ba a yawan waɗanda suka lalace. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya ma kusan haka suka samu. Wato ga ƙaramin rami ko matsakaici, wanda tuddansa ke tsaye da kauri, biyan kuɗin inle asara ce, ciko kai tsaye ya isa. Ribar aikin waje tana fitowa ne idan tudu ya karye, ko bangon da ya rage bai kai kaurin milimita 2 ba, ko faɗin ramin ya wuce rabin tazarar da ke tsakanin ƙololuwar tuddai, ko an riga an cire jijiya. Naka tudu ya riga ya tafi. Ka roƙi likita ya nuna maka da madubi, ko ya ɗauki hoton haƙorin da waya bayan ya cire tsohon cikon, ka ga bangon da ya rage da idonka.

Ga yadda aikin ke tafiya in an yi shi daidai. A zuwan farko za a yi maka allurar kashe wuri, a cire tsohon ciko da ruɓar da ke ƙarƙashinsa, ana fesa ruwa ana zuƙewa. Kusa da jijiya likita mai hankali ba ya kankarewa har ƙarshe, gara ya bar ɗan abin da ya yi tauri a can ƙasa ya tsaftace gefuna tas, da ya huda jijiyar. Sannan ya gyara siffar ramin, kuma nan ne ake cewa tun ran gini ran zane. Tudun da za a rufe ana rage tsayinsa da milimita 1.5 zuwa 2, domin kompozit da bai kai wannan kauri ba karyewa yake yi a ƙarƙashin tauna. Mafi ƙanƙantar wuyan ramin ma kada ya gaza milimita 2 a faɗi. Bangon ciki ana ɗan buɗa shi zuwa sama, kamar digiri 6 zuwa 10, yadda onle zai shiga ya fita ba tare da ya sarƙe ba. Kusurwoyin ciki a zagaye su, don kusurwa mai kaifi nan tsaga ke farawa. Bakin ramin a bar shi a tsaye da kauri, kada a sirance shi kamar bakin wuƙa, kuma kada layin haɗuwar onle da haƙori ya faɗo daidai inda haƙorin sama ke dukansa.

Akwai wani mataki a wannan zama da muke ba muhimmanci ƙwarai. A ƙarƙashin farin ɓawon haƙori akwai dantin, mai ruwan ɗorawa-ɗorawa, cike da ƙananan kafofi da ke zuwa har jijiya. Su ne ke kai maka saƙon ruwan sanyi. In likita ya shafe sabon dantin ɗin da man manni nan take, ya ɗora siririn kompozit mai ruwa ya haska, kafin ma ya ɗauki awo, to ya toshe kafofin tun ranar farko. Zafin sanyi yakan ragu a kwanakin jira, ƙwayoyin cuta ba sa samun hanya, mannin ƙarshe kuma ya fi kamawa. Da wannan kompozit ɗin ne ake cike lungunan da ke ƙarƙashin bango, maimakon a fere lafiyayyen haƙori don a daidaita su. In gefen ramin ya ɗan nutse ƙasa da dasashi, ana iya ɗago shi da kompozit ya fito fili.

Sai awo. Ana cika faranti da wani abu mai taushi, a danna a kan haƙora minti 3 zuwa 5 har ya kama, a ɗauki na haƙoran sama, a ɗauki yadda kake cizo, a zaɓi launi. A nan yanayin garinmu ya shigo. Awon da aka ɗauka da ƙullun da ake kira alginat, mai araha, ruwa ne ya fi yawa a jikinsa, a busasshiyar iskar hunturu ko zafin bazara da ke haura digiri 40 yana soma motsewa cikin mintoci, dole a zuba masa filasta nan take, kuma ko a haka bai kai ingancin da onle ke so ba. Awon haƙorin da za a gyara da silikon ake ɗaukarsa, irin wanda ke riƙe siffarsa sati guda ko fiye. In za a aika awonka wani gari, Yamai ko Kano, wannan tambaya ce da ya kamata ka yi: da me za a auna? Kuskuren da bai kai kaurin gashi biyu ba ya isa ya hana onle zama.

Daga nan za a rufe maka ramin da cikon wucin gadi na sati 1 zuwa 2. Kada ka ci alawa, cingam, alkaki, dabino ko kilishi a wannan gefe. Abu guda kuma da mutane da yawa ba su sani ba: kada ka sa kanumfari ko mansa a haƙorin. Gaskiya ne yana kwantar da zafi, amma sinadarin da ke cikinsa, ejenol, yana hana ƙaron kompozit daskarewa yadda ya kamata. Saboda wannan dalili ne likita ma ke guje wa simintin wucin gadi mai ƙamshin kanumfari idan manni zai biyo baya.

Wasu likitoci kan yi duka a zama ɗaya. Su zuba kwafin haƙorin da silikon mai saurin tauri, su gina onle a kansa kana jira, su gasa shi a ƴar tanda, su manna a ranar. Hanya ce karɓaɓɓiya ga haƙori ɗaya ko biyu, tana rage kuɗin mai ƙera haƙora da na aike, ba ka kuma buƙatar cikon wucin gadi. Ka tambaya ko likitanka na yi.

Zuwa na biyu shi ne ranar da aikin ke tsayawa ko ya faɗi. Onle ba shi da ƙugiya ba shi da ƙusa, manni ne kaɗai ke riƙe shi, manni kuma ba ya shiri da danshi. Ɗigon miyau, ko ɗan jinin dasashi, ko tururin numfashi ya isa ya raunana shi. Don haka ake shimfiɗa wata ƴar roba mai huji, da ake ce wa dig, a kafa ta da maƙalin ƙarfe, haƙorin kaɗai ya leƙo waje. Wannan shi ne sharaɗin da muka ce ka tabbatar kafin ka biya. In bakin ramin ya yi zurfin da ba za a iya busar da shi ba, ko asibitin ba shi da hanyar killace haƙori, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: a nemi wani gyaran da ba ya dogara da manni, kamar onle ko hula ta ƙarfe da ake kafawa da simintin gargajiya.

Ana fara gwada onle a bushe, kamar yadda kake gwada riga kafin ka gama ɗinki: ya zauna har ƙasa, bakinsa ya haɗu da na haƙori daidai, ba tudu ba giɓi, zaren sakace ya wuce tsakaninsa da maƙwabci da ƴar ƙara. A wannan lokaci kada ka cije da ƙarfi, onle da ba a manna ba yana iya tsagewa. Sannan a shirya fuskokin biyu. Gashin da ya ƙarfafa onle ya kuma rage masa kama manni, don mahaɗan ƙaron da siminti zai riƙe sun riga sun ƙullu. Shi ya sa ake fesa wa cikinsa wani gari mai kama da lallausan yashi da ake kira alumina ya yi kaushi, a wanke, a busar, a shafa silan, wani ruwa mai taimaka wa siminti ya kama garin gilas ɗin, a bar shi minti 1, a bi da man manni. Shi kuwa haƙorin, a share shi tas daga ragowar cikon wucin gadi, a sa wa ɓawonsa asid fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 na daƙiƙa 15 zuwa 30, dantin da ke buɗe kada ya wuce daƙiƙa 15, a wanke sosai, a shafa man manni. Sai siminti na ƙaro, yawanci irin mai daskarewa da haske da kuma da kansa, saboda haske ba ya ratsa onle mai kauri har ƙasa. A danna, siminti ya tsattsafo ta kowane gefe, a haska daƙiƙa 2 zuwa 3 ya yi kamar danƙo, a kwashe rarar, a bi tsakani da zare, a shafa gilisarin a bakin haɗin don iska na hana saman siminti daskarewa, sannan a haska kowace fuska daƙiƙa 40 zuwa 60. Bayan an cire robar ne za ka ciji takarda mai launi, a rage inda ya yi tudu, a goge ya yi santsi. Zaman yakan ci kusan awa guda, kuma yana buƙatar wuta tsayayya daga farko har ƙarshe, don haka ba laifi ba ne ka tambaya ko akwai janareto ko hasken rana in an ɗauke. Man manni da siminti ma ba sa son zafi, a wuri mai sanyi ake ajiye su, wanda ya kwana cikin zafin bazara ko ya wuce wa'adinsa ba ya kamawa.

Bayan manni kada ka ci komai sai allura ta sake ka, awa 2 zuwa 3, don kada ka tauna kumatunka. Ɗan jin sanyi na kwanaki, wani lokaci har sati 2 ko 3, ba abin tsoro ba ne muddin yana raguwa. In ka ji haƙorin ne ke fara taɓa na sama kafin sauran, kada ka ce zai saba, ka koma a rage, aikin minti biyar ne, barinsa kuwa yana kawo ciwon tauna ko ya fasa onle. In zare na tsinkewa ko dasashi na jini a wurin, galibi ragowar siminti ce ta maƙale. In onle ya fita ɗungurungum, kusan kullum danshi ne ya shiga ranar manni ko ba a shirya cikinsa da kyau ba. Ka adana shi a ƴar kwalba ka kai, sau da yawa ana iya mayar da shi, kuma kada ka kuskura ka sa masa gam na kasuwa. Karyewa tana zuwa daga rashin kauri, ko tsakuwar cikin shinkafa, ƙanƙara, ƙashi, busasshiyar aya, ko taunar haƙora cikin barci. Ka tambayi maiɗakinka ko tana jin kana gurza haƙora da dare, in haka ne sai an yi maka robar da za ka riƙa sawa a kan haƙora in za ka kwanta. Shayi da goro za su rina bakin haɗin da shekaru, gogewa a asibiti na rage shi.

In an ba ka zaɓin onle na tangaran, ka san ya fi tauri, ya fi riƙe launi da sheƙi, amma ya fi tsada, yana iya cin haƙorin da ke gabansa in ba a goge shi da kyau ba, kuma in ya ɓalle gyaransa da wuya. Na kompozit yana cinyewa a hankali fiye da shi, sai dai in gefe ya ɓantare ana kausasa wurin a ƙara sabon kompozit a cikin baki, zama ɗaya. Ga mai lissafin aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu butar shayi. Mun gode da ba ka ɓoye ba, domin ita ce ta haƙa ramin farko, kuma ita za ta iya haƙa wani a gindin onle. Onle ba ya ruɓa, haƙorin da ke ɗauke da shi yana ruɓa. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke manne a haƙori suna mai da shi tsami cikin mintoci, tsamin ya riƙa narkar da ɓawo, miyau kuma sai ya yi rabin awa zuwa awa guda kafin ya wanke shi. Mai kurɓar na ɗaya da na biyu da na uku daga hantsi zuwa dare, bakinsa ba ya fita daga tsami. Yawan kurɓar ya fi yawan sukarin ɓarna. Ba mu ce ka bar fada ba. Ka tara shayinka bayan cin abinci, sau biyu ko uku a yini, ka kurkure da ruwa bayan kofin ƙarshe, ka riƙa rage sukarin butar kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin babban mutum ya kai giram 50 a yini, kamar cokalin shayi 12, har da na cikin lemo da fura da koko. Ka goge baki sau 2 a yini, minti 2, da man goge baki mai fulorayid, ka duba jikin kwalin ka ga 1450 ppm ko kusa da haka, na dare shi ne mafi muhimmanci, in ka gama ka tofar kada ka kurkure. Asuwaki yana da kyau ka ci gaba da shi, amma ba ya shiga tsakanin turame, nan kuwa onle ɗinka zai fi buƙatar tsafta. Zaren sakace ke shiga, sau ɗaya kowane dare. Tsinke da allurar ɗinki suna raunata dasashi ne kawai. Ka kuma daina yanke zare da haƙori ko riƙe fil a baki, almakashi na kusa da kai.

In kuɗin onle bai samu yanzu ba, kada ka zauna da ramin a buɗe kana tarawa. Ka gaya wa likita gaskiya, ya share ruɓar ya gina maka kompozit kai tsaye, ya rage siririn bangon ya rufe shi. Gyara ne na mutunci da zai iya yin shekaru, daga baya kuma shi zai zama harsashin da za a ɗora onle a kai. Sati uku da ka yi ya isa jira, ka je cikin satin nan. Kafin ranar ka tauna a hagu, ka fitar da abincin da ya maƙale da zare, in zafi ya taso ka sha farasitamol yadda aka rubuta a kwali. Kada ka ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi, kada kuma ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a hannun masu talla, ba ya warkar da ramin haƙori. In kuwa zafin ya koma mai bugawa yana hana ka barci, ka koma wurin likitan washegari, lissafin ya sake. In kumatu ko ƙasan haɓa ya kumbura, da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ta yi wuya, ka nufi babban asibitin Damagaram a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.